Likita Ya Koma Firamare

Wata Asabar bayan sallar isha'i Yaya ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida bisa tabarma, carbi a hannu, ɗanta na zaune gefe ya sunkuyar da kai. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, tun ranar da aka rantsar da su a matsayin likitoci take ce masa Likita. Ta ce, "Zauna ka ji. Likita ya ce firamare zai zauna." Ta ja carbi kamar sau uku, sannan ta ƙara da cewa ita dai a saninta ta biya kuɗin wannan tun shekara goma sha shida da suka wuce, kuma takardar sakamakon tana nan cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwan Sallah.

Yaron bai yi ƙarya ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Gidaje da yawa suna shiga wannan ruɗanin, don haka ya dace a yi bayaninsa dalla-dalla saboda iyaye da kawunnai da duk wanda ya taɓa sayar da rago don a sayi littafin sassan jiki.

Karatun likita a jami'o'in Najeriya shekara shida ne a takarda. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya rutsa da shi ya ƙara wata tara, na 2022 kuma ya ƙara masa wata takwas. In ya gama sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku a ɗakin manya, uku a tiyata, uku wajen yara, uku wajen mata da haihuwa, kafin hukumar likitoci ta ba shi cikakken lasisi. Sai bautar ƙasa, ita ma shekara. A nan ne dangi suke ɗauka an sauke, sai walima. Likita ne kam, zai iya zama a haka har ya yi ritaya, kuma irinsu ne suke riƙe da yawancin asibitocin garuruwanmu. Amma mutumin da ake cewa a jira shi sai ranar Talata, wanda yake buɗe ƙoƙon kai ko ya dasa ƙoda, wanda in ya shigo ɗaki kowa ke gyara tsayuwa yana "Cif, Cif", shi ne konsoltan, kuma tsakanin ɗanku da shi akwai wasu shekaru biyar zuwa bakwai.

Ƙofar shiga waɗannan shekaru jarrabawa ce, sunanta Firamare. Abin da ake tambaya a cikinta shi ne abin da ya karanta a ajin biyu zuwa na huɗu na jami'a, ya ci, aka ba shi shaida: ginin jiki, aikin gaɓoɓi, yadda cuta take ɓata su. Kwalejoji uku ne suke shirya ta. Akwai ta ƙasa da aka kafa a 1979, mazauninta Ijanikin a Legas, akwai kuma biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin tiyata, ɗaya ta sauran fannoni, ita an kafa ta a 1976. Wanda ya ci Firamare bai samu aiki ba tukuna, ya dai samu izinin neman aiki. Sai asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato ko Maiduguri ya buɗe ƙofar ɗauka, shi kuwa asibitin ba ya buɗewa sai Abuja ta sahale masa. Ta haka ake samun ɗakin da likita uku suke aikin mutum goma, a bakin ƙofa kuma ga wasu goman riƙe da takardar Firamare suna jiran a ce su shigo.

In an ɗauke shi ya zama abin da gidajen rediyo suke kira likita mai neman ƙwarewa. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa mazaunin asibiti, ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, lokacin da irin waɗannan likitoci suke kwana su tashi a cikin ginin. Ina roƙon dangi su ɗauki sunan yadda yake. Ba zai zo ɗaurin aure ba, ba zai zo suna ba, ta'aziyya kuma sai ranar uku da daddare, da rigar aiki a jikinsa. Akwai abin da suke kira kol, wato mutum ya shigo ƙarfe takwas na safe ya yi aikin yini, ya kwana yana aiki, gari ya waye ya ci gaba da aikin wannan sabuwar ranar, domin ita ma rana ce.

Na taɓa kai wa ɗan Yaya abinci da dare lokacin yana sanin makamar aiki a wani asibiti. Na zauna a benci ina jira ya fito, bai fito ba. An kawo wata yarinya daga ƙauye a bayan a-kori-kura, naƙudar kwana biyu. Na ga ya yage gefen takarda ya rubuta wa mijin abin da zai sayo: safar hannu, zaren ɗinki, ledar ruwa, allura. Mijin ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya ya fara kwance bakin aljihunsa a gaban kowa yana ƙirga abin da ke ciki. Jini babu sai an samu mai bayarwa, ƙanen mijin ya nannaɗe hannun riga. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, kafin a tayar da janareta wata nas ta riƙe masa fitilar waya. Wajen ƙarfe uku ya fito, ya ce uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ya buɗe kwanon tuwon da ya riga ya sandare, ya kai loma biyu, aka sake kiransa.

Bayan shekara biyu zuwa uku a neman ƙwarewa sai jarrabawar Kashi na Ɗaya. Wanda ya ci ya zama babban rajistara. Wasu shekaru biyu zuwa uku kuma sai Kashi na Biyu, har da littafin bincike da zai rubuta ya kare a gaban manya. Sau biyu a shekara ake zama, kuma faɗuwa a cikinsu ba abin kunya ba ne, manyan likitocin da ake ji da su yau da yawa sai da suka maimaita. Kuɗin jarrabawa da na tafiye-tafiyen kwasa-kwasai doka ta ce gwamnati ce za ta biya, akwai asusu na musamman da dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta tanada. Duk wanda yake sauraron labarai ya san sunan asusun, domin kusan duk yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, yana cikin jerin buƙatunsu, har da na 2021 da ya kai wata biyu. Alawus ɗin kasada kuwa, wato kuɗin da ake ba mutum saboda zai iya ɗaukar zazzaɓin Lassa ko tarin fuka a wajen aiki ya mutu, ya daɗe yana naira dubu biyar a wata, sai ƙarshen 2021 aka ƙara shi.

Da na kai nan a bayanin da nake yi mata, Yaya ta ce, to in haka ne ya tafi Ingila mana, ɗan Hajiyar bayan layi ba ga shi can ba, har ya rushe mata ɗaki ya zuba dakin. Wannan ita ce hanya ta biyu, ita ma tana da nata firamaren.

Abu na farko, sai ya tabbatar wa Ingila yana jin Turanci. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana karatu da Turanci, ya rubuta kowace jarrabawa da shi, yake rubuta katin majinyaci da shi kullum, zai biya kuɗi ya zauna jarrabawar IELTS, kuma hukumar likitocin Birtaniya tana son maki 7.5, kada kowane ɓangare ya gaza 7. Sakamakon yana aiki shekara biyu ne kawai. In ta wuce bai kammala sauran matakan ba, Turancin ya lalace kamar maganin tari, sai ya sayi sabo. Daga nan sai jarrabawar lasisin aiki ta PLAB, ta farko tambaya 180 cikin awa uku, ana iya zama a Abuja ko Legas in an dace da gurbi. Ta biyu kuwa sai a Mancesta, don haka ga biza, ga jirgi, ga masauki, ga kuɗin jarrabawar kanta wajen fam dubu. Ɗakuna 16 ne, kowanne minti takwas, a ciki akwai ɗan wasan kwaikwayo da aka ɗauka ya yi ciwon ƙarya. Ana duba ko likita ya gano ciwon, ana kuma duba ko ya nuna tausayi yadda ake nuna shi a can, ko ya tambayi mara lafiya me yake tsammani yana damunsa, me yake tsoro, me yake so a yi masa.

A nan na gane abin da ya fi tayar wa Yaya hankali. Ta ce sati biyu ke nan tana jin Likita ta bayan ƙofa yana magana da matashin kai da Turanci, cikin taushin murya, yana yin shiru yana jiran amsa. Har ta sa an karɓo rubutu. Na kwantar mata da hankali, na ce atisaye ne, kuma ya zama dole. A asibitinmu in likita ya tambayi tsoho me yake ganin yana damunsa, tsohon zai ce, "Ai da na sani da ban zo ba," ya fita ya gaya wa mutane an haɗa shi da ɗan koyo. A Mancesta wanda bai yi wannan tambayar ba ya rasa maki.

Ga abin da masu ba da labarin ɗan Hajiyar bayan layi ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga wanda ƙwarewa yake nema. Cin PLAB lasisin aiki yake bayarwa, ba ya ba da gurbin koyon ƙwarewa. Yawancin masu zuwa suna farawa ne da aikin cike gurbi a asibitocin gwamnati, albashi na shiga, amma shekarun ba sa hawa da mutum zuwa konsoltan da kansu. Gurbin horo sai an yi takara, masu nema sun ninka guraben, kuma a 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa waɗanda suka yi karatun likita a ƙasarta za ta fifita. Likitan iyali shekara uku ne horonsa, shi ya sa da yawa daga cikin namu suke ƙarewa a can, ciki har da waɗanda suka bar gida da burin tiyata. Tiyatar kanta wajen shekara takwas ce ga wanda ya samu shiga. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana a zo nan a yi zawarcin likita. Ba ta hana likita ya kai kansa da kuɗin jirginsa ba.

Amurka ta fi tsada, ta fi tsari, ta fi kama da caca. Jarrabawar USMLE mataki-mataki ce, ta farko awa takwas, ta biyu awa tara, a 2025 kuɗin kowace ya haura dala dubu. Sai a tura takardu asibitoci da dama, kowanne da kuɗinsa, a yi hira, sannan a watan Maris kwamfuta ta haɗa kowa da inda ya dace. Cikin baƙi goma da suka kai wannan matakin kusan huɗu ba sa samun ko'ina, sai wata shekarar. Wanda ya samu kuwa ya shiga horo kai tsaye, shekara uku a fannin cututtukan manya, biyar a tiyata, bakwai a tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma ranar da aka ce zai gama ita ce ranar da zai gama. Jamus tana ɗauka, amma sai mutum ya koyi Jamusanci har ya iya gaya wa tsohuwa sakamakon gwajinta da shi.

Saudiyya ce Yaya ta fi so, saboda Umra. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aiki, wakilan ma'aikatar lafiyar Saudiyya sun zo wani otal a Abuja ɗaukar likitoci, ɗaruruwa suka yi layi da takardunsu. Sai dai Saudiyya galibi ƙwarewar da aka riga aka samu take saye. Wanda ya je da shaidar Kashi na Biyu matsayinsa daban, albashinsa daban. Wanda ya je hannu rabbana zai tara riyal, ya yi Umra iya son ransa, ya dawo bayan shekara bakwai da matsayin da ya tafi da shi, ya tarar ƙannensa na makaranta su ne Cif.

Duk wannan lissafin da kuɗin waje ake yinsa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. Abin da ya sa tafiyar ta yi tsada shi ne kuma ya sa ta yi daɗi: albashin wata guda a can in an canza shi sai ya rufe na watanni da yawa a nan. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka fice cikin 'yan shekarun nan. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ni dai da aka tambaye ni, da na ce a fara gwada biyan kuɗin asusun nan a kan lokaci da tabbatar da wuta a ɗakin tiyata, a ga ko mutum nawa ne zai fasa tafiya.

Akwai abin da gida yake koyarwa wanda ba a sayensa da fam, kuma ina so iyaye su san shi don kada su riƙa yi wa wanda ya zauna kallon wanda ya rasa hanya. Hannu ne. Babban rajistara a sashen mata na asibitin koyarwa a Arewa yana ganin jijjigar masu ciki da fashewar mahaifa da zubar jini a wata guda fiye da yadda takwaransa na Turai zai gani cikin shekaru. Na tiyata yana ɗinke hanjin da taifot ya huda. A Kaltungo akwai asibiti sukutum na saran maciji, yawanci kububuwa. A Sakkwato akwai na yaran da cutar noma ta cinye wa fuska. Najeriya ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila. Kees Waaldijk, likita ɗan Holan, ya zo Babbar Ruga a Katsina farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, ya tarar da matan yoyon fitsari, ya zauna ya yi wa dubbai aiki, har ya zama likitoci daga ƙasashe suna zuwa Katsina da Kano koyon wannan tiyatar. A wannan fannin mu ne ƙasar waje.

Ga kuma harshe. Mara lafiyarmu yakan zo ne da ɗayan abu huɗu: sanyi, basir, shawara, ko daji. A ƙarƙashin kowanne akwai cututtuka da dama da ba su haɗa komai ba. Likitan da ya girma a hannun irin waɗannan majinyata ya san wace tambaya zai yi ya gane basir ɗin nan na yau ciwon dajin hanji ne, ya san dole a kira miji da uwar miji kafin a shiga tiyata, ya san magani mai araha da zai rubuta wanda za a iya saye har a gama. Wanda ya ƙware a waje in ya dawo sai ya sake koyon wannan, kuma wani lokacin sai ya nemi na'urar da ya ƙware a kanta ya tarar babu ita, ko tana nan a rufe da leda tana jiran injiniya.

Ita ma ƙasar waje tana da nata da ba mu da shi, kuma ɓoye shi cin amanar yaranmu ne. Mutum zai koyi aiki inda ake gwaji kafin magani, inda kowace mutuwa ake zama a bi diddiginta, inda mai koyo yake da ranar hutu da doka ta ba shi. Mai son fannin gashin ciwon daji, ko tiyatar zuciyar jarirai, ko binciken ƙwayoyin gado, zai sha wuya ya ƙoshi a nan, domin na'urorin gashin da suke aiki a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba. Farashinta kuma ba a banki kaɗai ake biyansa ba. A Mancesta cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk a cikin aiki ɗaya suke riskar mutum. Yara za su tashi Hausarsu ta gaisuwa ce. Dokar shige da fice tana barin mata da 'ya'ya su biyo, amma kawo tsohuwar uwa ta zauna dindindin abu ne mai matuƙar wuya. Na san gidan da likita uku suka fito, ranar da hawan jini ya buge mahaifinsu maƙwabci ne ya kai shi asibiti a adaidaita sahu, su kuma suna ba da umarni ta bidiyo.

Shawarar da na ba ɗan Yaya a daren nan ita ce wadda zan ba duk mai irin burinsa. Shi fannin mata da haihuwa yake so, kuma ya ce a nan yake so ya tsufa. Na ce to ya fara a gida, ya samu hannu, ya kammala, sannan ya nemi fita ta shekara ɗaya ko biyu don wani reshe takamaimai, kamar tiyatar da ake yi da na'urar leƙe ba tare da an farke ciki ba, ya tafi a matsayin wanda ya san abin da ya je ɗaukowa. Da fannin da ba mu da kayansa yake so, ko da ƙanne takwas ne a wuyansa babu mai taimaka masa, da na ce ya tafi tun yanzu da sauran ƙuruciyarsa, kuma da ban bari kowa ya kira shi maci amana a gabana ba. Abin da na hana shi ɗaya ne, shi ne ya raba ƙafa har shekaru su ƙare, yau Firamare gobe matashin kai, Turanci yana lalacewa ana sabuntawa, ya kai arba'in bai shiga ko ɗaya ba. Na ga masu irin wannan, kuma duk masu ƙoƙari ne.

Ya ce, "Kawu, in na zauna aka yi shekara biyu ba a buɗe ɗauka ba fa?" Na ce ya sa wa kansa wa'adi tun yau, ya rubuta, ya ba Ummansa ta ajiye, in wa'adin ya cika ba a kira shi ba ni da kaina zan raka shi ofishin biza.

Yaya ba ta ce komai ba duk tsawon wannan. Can ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da ƙullin kuɗin adashinta da ta kwasa satin da ya wuce, wanda ta ce na gyaran rufin kicin ne kafin damina, ta ajiye a gabansa. Ta dube ni, domin ba za ta dube shi ba, ta ce, "Tambaye shi nawa ne kuɗin fom ɗin. Ni na biya ta farko, wannan ma ni zan biya." Sannan ta miƙe ƙafa ta ce kafin ya kwanta ya zo ya duba mata gwiwar nan, kwana uku ke nan sanyi ya hana ta barci.